Yadda Ake Hawan Dutse Ta Cikin Kurmi Har Ƙololuwa, a Kuma Sauko Lafiya

Dutsen da kurmi ya lulluɓe yana da yaudarar da dutsen fili ba shi da ita. A fili kana hango ƙololuwa tun daga gindi, kana ganin hadari tun yana haɗowa daga nesa, kana kuma iya kimanta abin da ya rage maka. A cikin kurmi kuwa itatuwa sun rufe maka sama da gaba, ƙasa a jiƙe take ko da an kwana biyu ba a yi ruwa ba, duhu kuma yakan shigo tun rana ba ta faɗi ba. Shi ya sa irin wannan hawa ya fi dogara ga lissafin lokaci fiye da ƙarfin cinya. Bayanin da ke tafe na tafiyar yini ɗaya ne, a kan turbar da aka sani, wadda ake bi da ƙafa ba tare da igiya ko kayan maƙale wa dutse ba.

Zaɓen turba da lissafin lokaci

Kafin ka taɓa takalmi, nemi lambobi biyu: tsawon turbar daga inda ake farawa zuwa ƙololuwa, da yawan mitocin da za ka hau. Mutane sun fi tambayar ta farko, alhali ta biyun ce ke kayar da mutum. Kilomita 6 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yawo ne. Kilomita 6 da hawan mita 900 a ciki kuwa daidai yake da hawa bene mai hawa 300, ga kaya a baya, ga santsi a ƙasa.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau kuma da ita ake fara lissafi: a ware awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane hawan mita 600. Idan muka ɗauki turbar can, kilomita 6 za su ci awa 1 da minti 12, hawan mita 900 kuma awa 1 da rabi. Jimilla awa 2 da minti 42. Sai dai an yi wannan lissafi ne da ƙaƙƙarfan matafiyi a kan hanya mai kyau, babu hutu a ciki. A kurmi mai saiwoyi da taɓo, ƙara rabin abin da ka samu, ka ce awa 4 ke nan. Saukowa kuma kada ka raina ta, ba ta awa 3. Haɗa da rabin awa a ƙololuwa da awa 1 na hutawa a hanya, ka ga yinin ya tashi awa 8 da rabi.

Daga nan sai ka yi lissafin ta baya. Duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi a ranar. A ce 6:30. Ka ƙuduri fita daga kurmin awa 2 kafin nan, wato 4:30. Cire awa 3 na saukowa da ɗan rara, za ka sami ƙarfe 1 na rana. Wannan shi ne lokacin juyawa, kuma duk cikin shirin babu abin da ya kai shi muhimmanci. Ƙarfe 1 ta buga, ka kai ƙololuwa ko ba ka kai ba, ka juya. A gida ake yanke wannan shawara, da kai a sanyaye, domin wanda ya hango ƙololuwa a gabansa ba ya iya yi wa kansa adalci. A watan Mayun 1996 mutum 8 suka rasu a guguwar da ta riski mahaya a dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsayi a duniya, kuma cikin abubuwan da aka fi nunawa da yatsa har da cewa wasunsu sun ci gaba da hawa bayan lokacin juyawa ya wuce, wani ma sai wajen ƙarfe 4 na yamma ya kai ƙololuwa. Ƙaramin dutse ba Everest ba ne, amma dare ɗaya ne a ko'ina.

Idan kana da taswira mai layukan tsayi, koyi karanta ta. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda layukan suka matse da juna, wurin a miƙe yake. Inda suka ware, da sauƙi-sauƙi. Ka lura da inda turbar ta tsallaka rafi, da mararraba, da inda kurmin ya ƙare. Bincika kuma ko ana buƙatar izini ko ɗan jagora. Duwatsu da yawa suna cikin gandun daji na hukuma, wasu kuma, irin Kilimanjaro a Tanzaniya, doka ba ta yarda a hau su ba sai da jagora mai rajista. Ko inda ba dole ba ne, in karonka na farko ne a kurmi mai kauri, ɗauki wanda ya san wurin.

Shirya jiki

Wanda bai saba ba ya ba kansa mako 4 zuwa 6. Tafiya mai sauri sau uku a mako, hawa da saukar matakala da jaka a baya, da tsuguno a tashi don ƙarfafa cinya. Saukar matakalar kada a tsallake ta, ita ce ke horar da jijiyoyin da ke riƙe gwiwa a gangara. Mai ciwon zuciya, hawan jini, asma ko ciwon suga ya ga likita tukuna, ya kuma tafi da maganinsa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba.

Kayan da za ka ɗauka

Takalmi ne kan gaba. Ana son mai ƙasan roba mai zurfin zane wanda ke cizon laka, mai riƙe dunduniya kam, wanda kuma ya bar wa yatsu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Wannan sararin don saukowa ne, lokacin da ƙafa ke zamewa gaba a kowane taku. In takalmin ya matse, farcen babban yatsa ne zai yi baƙi ya fita. Kada ka kuskura ka hau dutse da sabon takalmi. Yi ta yawo da shi na makonni har ya san ƙafarka. Yanke farce kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Safa kuma ta ulu ko ta zaren roba, da wata ta canji a cikin leda.

Batun sutura, ka nisanci auduga. Tana shan gumi ta riƙe shi, da zarar ka tsaya iska ta buge ka sai ta koma sanyi a jikinka. Sa riga marar nauyi mai saurin bushewa a ciki, ka ɗauki rigar sanyi da rigar ruwa a jaka ko da gari ya waye garau. Dalili shi ne zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000, ga iskar sama da ke ƙara tsananta shi. Dogon wando ya fi gajere a kurmi, saboda ƙaya da kaska da ƙaiƙayin ganye.

Ruwa, ƙiyasta rabin lita ga kowace awa ta tafiya, fiye da haka in ana zafi. A tafiyar awa 8 lita 4 ke nan, kowace lita kuwa kilo 1 ce a bayanka. Idan akwai ƙorama a hanya kana iya rage nauyin, amma kada ka sha ruwanta haka nan komai haskensa. Tace shi, ko ka sa ƙwayar tsabtace ruwa, ko ka tafasa shi na minti 1, minti 3 in ka haura mita 2,000. Abinci kuma wanda ba ya lalacewa, mai ba da ƙarfi, da wani abu mai gishiri a ciki, domin mai zuba gumi da ke ta ɗirkar ruwa zalla ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya yin ƙasa, ya fara ciwon kai da jiri yana zaton ƙishirwa ce. Ɗauki fiye da abin da za ka ci, ragowar ta ko-ta-kwana ce.

Sauran ƙananan kaya su ne waɗanda ake rainawa sai ranar da aka neme su: tocilar goshi da batir na canji, ko da ka tabbata da rana za ka dawo; usur; taswirar takarda a leda da kamfas; filasta, bandeji mai talewa, maganin ciwo da hantsaki; ashana ko laita; ƙaramar wuƙa; bargon gaggawa mai ƙyalli wanda ke naɗewa ya shige tafin hannu. A waya, sauke taswirar yankin tun kana da intanet, da manhaja irin Organic Maps ko OsmAnd. Na'urar nuna wuri da ke cikin waya da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ta buƙatar sabis, don haka sa wayar a yanayin jirgin sama batir ya daɗe, ka kuma riƙe abin caji na tafi-da-gidanka. Duk da haka waya mataimakiya ce kawai: tana jiƙewa, tana faɗuwa, rufin itatuwa da kwazazzabai kuma suna sa ta nuna ka a inda ba ka.

Jakar yini ɗaya kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka da yawa. Kaya masu nauyi su kwanta kusa da gadon baya, rigar ruwa a sama inda hannu zai kai da sauri. Ɗaure ɗamarar ƙugu da kyau, ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, ba kafaɗa ba.

Daren tafiya da safiyarta

Duba hasashen yanayi na dutsen kansa, ba na garin da ke gindinsa ba. In an ce za a yi ruwa mai ƙarfi, ko tsawa, ko an kwana ana sheƙa ruwa a yankin, ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai ka bar wa wani amintacce saƙo a rubuce: sunan turbar, inda za ku fara, ku nawa ne, lokacin da kake sa ran dawowa, da lokacin da in bai ji daga gare ka ba zai kira masu ceto, da lambar da zai kira. "Na tafi hawan dutse" ba saƙo ba ne. In akwai rajista a bakin turba, rubuta sunanka. Ka fara da sassafe, gari na wayewa. A wurare masu yawa hadarin duwatsu da rana tsaka zuwa la'asar yake haɗuwa, mai sammako kuwa kafin nan ya riga ya fara gangarowa.

Hawan kansa

Fara da ɗan jin sanyi a jiki. Wanda ya tashi a dunƙule cikin rigar sanyi, minti 10 ya jiƙe sharkaf da gumi. Minti 20 na farko kuma yi su a hankali fiye da yadda kake so. A nan yawancin sababbi ke ƙona kansu: jiki da sauran kuzari, zuciya da ɗoki, sai su tashi da sauri, kafin awa guda sun zauna a kan kututture suna haki. Ma'aunin saurin da ya dace mai sauƙi ne. In kana iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya yanke ka ba, kana daidai. In kalma biyu-biyu kake iya fitarwa, rage.

Yi gajerun taku. Idan hanya ta miƙe, mutum yakan so ya yi dogon taku don ya gama da wuri, wannan kuwa cinya yake cinyewa. Inda ka ga babban mataki ɗaya da ƙanana biyu a gefensa, bi ƙananan. Ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa in da hali, maimakon tafiya a kan yatsu wadda ke ƙona sharaɓa. Karkato gaba kaɗan daga idon sawu, kada ka ranƙwafa daga ƙugu har ƙirji ya matse numfashi.

A wuri mai tsananin miƙewa akwai wani salon taku da tsofaffin mahaya ke yi. Ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ajiye a gaba ba tare da ka ɗora mata nauyi ba, ka miƙe gwiwar ƙafar baya sosai, nauyinka ya tsaya a kan ƙashi na ɗan daƙiƙa, ka ja numfashi, sannan ka taka. Kowane taku yana ɗauke da ɗan hutunsa. Mai kallo zai ce wasa kake, amma bayan awa biyu kai ne za ka wuce shi yana zaune.

Ƙasar kurmi tana da tarkunanta, sai an san su. Jiƙaƙƙiyar saiwa ta fi komai santsi, musamman wadda ta kwanta ta bi gangara. Taka tsakanin saiwoyi, a kan ƙasa. In dole ka taka saiwa, taka ta a gicciye da tsakiyar takalmi. Dutsen da gansakuka ta rufe da faɗaɗɗen gungume haka suke. Busassun ganye kan rufe rami ko sakakken dutse, don haka gwada da sanda inda ka yi shakka. In za ka kama reshe ko saiwa don ja jiki, girgiza shi tukuna, ruɓaɓɓen itace a kurmi yakan yi kama da lafiyayye. Duba kuma kafin ka kai hannu, domin ƙaya, cinnaku da maciji duk a irin wuraren suke. A inda sai an haɗa da hannu, riƙe ƙa'idar uku: cikin hannaye biyu da ƙafafu biyu, uku su kasance a kafe, ɗaya kaɗai ke motsi.

Sanda tana da amfani ƙwarai, biyu sun fi ɗaya. Daidaita tsawonta yadda in ka riƙe ta a tsaye gwiwar hannunka za ta lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki. Rage tsawon a hawa, ƙara shi a sauka.

Turbar dutse takan yi ta lanƙwasa dama da hagu maimakon ta miƙe sama. Kada ka yanke. Yankan ya fi gajiyarwa, yana tono duwatsu su gangara kan na ƙasa, yana kuma buɗe wa ruwan sama hanyar zaizaye turbar. In dutse ya kuɓuce daga ƙafarka, ɗaga murya ka ce "Dutse!" nan take, kada ka tsaya jin kunya.

Hutu gajere ne, minti 5 zuwa 10 a kowace awa. Dogon zama yana sandarar da ƙafa. Kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka ci ɗan abu tun yunwa ba ta kama ka ba. Fitsari ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi duhu ko ya ɗauke, ruwan bai isa ba. Da ka ji wani wuri a ƙafa yana zafi-zafi, tsaya nan da nan, cire takalmi, manna filasta. Minti 3 ne, in ka bari ya zama bororo kuwa da shi za ka yi sauran yinin.

In kuna da yawa, wanda ya fi kowa rauni ya kasance a gaba ko na biyu, gogagge ɗaya a baya. A tsaya a kowace mararraba sai kowa ya iso. Akwai wata mugunta da masu sauri ke yi ba da niyya ba: su jira na baya, yana isowa yana haki su miƙe su ci gaba. Su sun huta, shi bai huta ba. A ƙirga hutun daga isowar na ƙarshe.

Wata ɗabi'a da nake ganin ta fi kamfas amfani a kurmi ita ce waiwaye. Duk mararraba, duk tsallaken rafi, juya ka kalli hanyar ta fuskar da za ka gan ta in kana dawowa, ka ɗauki hoto in ka ga dama. Turba ɗaya kamanni biyu gare ta. Ka riƙa lura da alamun fenti a jikin itace ko tarin duwatsu, in ka yi minti 10 ba ka ga alama ba a turbar da ta saba nunawa, tsaya ka koma ta ƙarshe da ka gani.

Rafi kuma, nemi inda ya yi faɗi ruwan ya lafa. Kwance ɗamarar jaka yadda za ka iya yar da ita in ka faɗi, fuskanci inda ruwan ke fitowa, dogara da sanda, ka ja ƙafa a gicciye. Kada ka cire takalmi. Ruwan da ke gudu ya kuma haura gwiwa ba na tsallakawa ba ne. Ka tuna ƙoramar da ka tsallake da safe a idon sawu tana iya cika ta batse da yamma in an yi ruwa a sama, ko da ɗigo bai taɓa ka ba.

Maciji yawanci gudu yake in ya ji motsi. In ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kwantar masa da hankali, a nemi asibiti da gaggawa.

Inda kurmi ya ƙare

A manyan duwatsu akwai tsayin da itatuwa ke gajarta su koma ciyayi da duwatsu. A Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, kurmin yana ƙarewa ne wajen mita 3,000, a ƙasashe masu sanyi da dama kuwa ƙasa da haka sosai. Kafin ka fita daga inuwar itatuwa, tsaya ka yi abu uku: sa rigar iska tun sanyi bai shige ka ba, dubi agogo, dubi sama. Wannan ne karo na farko da za ka ga sararin samaniya sosai, kuma nan ne wuri mafi dacewa a sake shawara.

Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Sauti yana cin kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3, don haka daƙiƙa 30 na nufin kilomita 10, kuma wannan tazara ce da aradu ke iya kaiwa. Bar ƙololuwa da doron dutse, ka gangara. Kada ka fake a gindin doguwar itaciya da ke tsaye ita kaɗai, ko a bakin ƙaramin kogo. Cikin kurmi inda itatuwa suke kai ɗaya, a ƙasa-ƙasa, ya fi. Ku warwatsu, kada ku cure wuri guda. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsayi na iya kama kowa, mai ƙarfi da marar ƙarfi. A mita 3,000 iskar da kake shaƙa a kowane numfashi kusan kashi 70 cikin 100 ce ta abin da ake samu a bakin teku. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, jiri da kasala. Wanda ya ji haka kada ya ƙara hawa. In ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take, kada kuma a bar shi ya sauka shi kaɗai.

Sai ka shirya wa ƙololuwar ƙarya. Za ka hango wani tudu ka ce shi ke nan, ka zuba sauran ƙarfinka, kana hawa ka ga wani a bayansa. Duba taswira ko ma'aunin tsayi ka san mitoci nawa suka rage, kada ido ya yi maka lissafi.

A ƙololuwa

Sa rigar sanyi kafin ka ɗauki hoto. Ci, sha, canza safa in ta jiƙe. Nisanci baki, musamman in ana iska ko dutsen a jiƙe yake, kada kuma ka ja da baya kana kallon waya. Minti 20 zuwa 30 sun isa. Kafin ka tashi, tabbatar da bakin turbar da ka hawo ta, domin ƙololuwa takan sami hanyoyi da yawa, in hazo ya sauko duk kamarsu ɗaya, kuma kuskuren taku 20 a sama yana iya sauke ka a wani kwari daban.

Saukowa

A nan aka fi jin rauni. Ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida, kowane taku kuma gwiwa na karɓar nauyin da ya fi na jikinka. Fara da sake ɗaure takalmi, ka matse wajen idon sawu don ƙafa ta daina zamewa gaba. Ƙara tsawon sanduna, ka zare hannunka daga igiyoyinsu, don in ka faɗi hannu ya sami 'yanci.

Tsoro yakan sa mutum ya jingina baya, wannan kuwa shi ke kawo zamewa, domin nauyi ya koma kan dunduniya ƙafa sai ta sulluɓe gaba. Tsaya nauyinka a kan ƙafafunka, gwiwa a ɗan lanƙwashe kullum, taku gajere. Idonka ya riga ƙafarka da taku biyu ko uku. A gangara mai taɓo ko tsakuwa, juya gefe ka sauka a karkace kana kafa gefen takalmi. A babban mataki, zauna ka zuro ƙafa, ko ka juya ka fuskanci dutsen ka sauka da baya. Wando ya ɓaci ba komai ba ne. Kada ka yi tsalle da jaka a baya, kada ka yi gudu, ko da ka ga wasu na yi. Ku bar tazara tsakaninku yadda faɗuwar ɗaya ba za ta kwashe biyu ba. In za ka kalli wani abu, tsaya ka kalla.

Ci gaba da ci da sha a saukowa. Mutane sukan daina, suna ganin an gama, sai ƙafa ta fara rawa a awa ta ƙarshe. Fito da tocila tun da sauran haske, ka rataya ta a wuya. In kana iya ganin rana, miƙa hannu ka jera yatsu tsakaninta da inda za ta faɗi: kowane yatsa kimanin minti 15 ne. A cikin kurmi rage rabin awa ko fiye daga abin da ka samu.

In an ɓata ko an ji rauni

Da ka gane ba ka kan turba, tsaya cak. Zauna, sha ruwa, bari bugun zuciya ya lafa. Tuna alama ta ƙarshe da ka gani da minti nawa ke nan. In kana da tabbacin hanyar komawa gare ta, koma kana barin alama. In babu tabbas, zauna inda kake. Kada ka bi rafi ƙasa da zaton zai kai ka gari. A dutse mai miƙewa rafi kwazazzabo yake shiga, ya kai ka bakin gangaren da ba ka iya sauka ba ka kuma iya komawa. Kada ka yanki daji da dare.

Gwada kiran lambar gaggawa ta ƙasar da kake. Lamba 112 tana aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai da wasu ƙasashe da dama. In sabis ya yi rauni, tura saƙon tes da lambobin wurin da wayarka ta nuna, yakan fita inda kira ya kasa. Busa usur: a duwatsun Turai alamar neman agaji busa 6 ce cikin minti 1, a dakata minti 1 a maimaita, a Amurka kuma busa 3 aka sani. Murya tana dishewa, usur ba ya dishewa.

In kwana ya kama, yi shiri tun da haske. Raba jikinka da ƙasa, ka zauna a kan jaka ko tarin busassun ganye, sa duk suturar da kake da ita, lulluɓa da bargon gaggawa. Sanyi yana kisa ko a inda ba a ƙanƙara, in jiki ya jiƙe iska kuma na kaɗawa. Wanda ke karkarwa ba ƙaƙƙautawa, hannunsa ya kasa ɗaure igiyar takalmi, maganarsa ta fara nauyi, zafin jikinsa ne ke faɗuwa: a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa masa busassu, a kare shi daga iska, a ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya. Targaɗe kuma a naɗe shi da bandeji, a raba kayan mai raunin, a sauko a hankali. In ana zargin karaya a baya ko wuya, kada a motsa shi sai in wurin kansa haɗari ne.

Bayan an fito

Duk abin da ka shiga da shi ka fito da shi, har ɓawon 'ya'yan itace da takardar goge hannu. Kana isa bakin turba, kira wanda ka bar wa saƙo tun kafin ka cire takalmi, kada ya tayar da masu ceto a banza, ka kuma soke sunanka a rajista. A gida duba jikinka da kyau saboda kaska: bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne da cikin gashi. In ka same ta, kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe a hankali, ka wanke wurin. In zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya cikin makonni, gaya wa likita cewa kaska ta cije ka. Ciwon cinya kuwa yakan fi tsanani a kwana na biyu, saukowa ce ta jawo shi, kuma tafiya marar nauyi tana iya sassauta shi. Wanke takalmin, cire shimfiɗar cikinsa, ka shanya shi a inuwa nesa da wuta.